A tambayi yarinya abin da ya koro ta kafin a kulle ta

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 'yan matan da ake tsarewa a gidajen gyaran hali.

Na taɓa koyar da ɗinki a irin wannan gida, aikin sa kai. Akwai wata 'yar shekara 14 da aka kawo wai ta gagari iyayenta, sau uku tana gudu daga gida. Kullum tana lungu, bayanta jingine da bango. Da zarar namiji ya yi sallama sai allura ta suɓuce mata. Da dare ba ta runtsawa, in barci ya sace ta sai fitsarin kwance, gari ya waye ana yi mata gori. Sai da muka yi wata biyu tare kafin ta iya faɗa mini cewa ƙanin mahaifinta ne ke shigar mata ɗaki. Daga ɗan sanda har alƙali, babu wanda ya tambaye ta abin da take guje wa. Shi yana gida yana cin tuwonsa, ita tana kulle.

Ko a Amurka haka abin yake. Wani rahoto da cibiyar nazarin shari'a ta Jami'ar Georgetown da wasu ƙungiyoyi suka fitar a 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na 'yan matan da ke hannun kotunan yara an taɓa yin lalata da su, yara maza kuwa kashi 7. Da yawansu laifin da ya kai su can shi ne gudu daga gida ko ƙin zuwa makaranta, abin da yarinyar da aka cutar takan yi ke nan.

Muna da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023. Roƙona ga ma'aikatun mata da alƙalanmu: duk yarinyar da aka kama, a fara haɗa ta da ma'aikaciya mace su keɓe, likita ya duba ta, a sama mata mai kwantar mata da hankali. Kuma kada a yi gaggawar cewa "a mayar da ita gida a sasanta".

Ita yarinyar da na ba da labarinta, gida aka mayar da ita. Ranar da za ta tafi ta riƙe mini gefen mayafi, ta ƙi saki.

Wata mai koyar da ɗinki, daga Kano