Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Harkokin Teku: Maganin Da Muke Zuba Wa Karfasa Ya Daina Ci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai kiwon kifi ne a wajen garin Kano, ina da kwamin siminti shida da tafkin ƙasa ɗaya, tarwaɗa da karfasa. Tun da sashen kula da kifi na tarayya ya baro ma'aikatar noma ya dawo hannunka a 2024, wurinka ya kamata mu kawo kukanmu.

A bazarar da ta wuce, cikin Afrilu, lokacin da ruwan kwami ke ɗumi tun kafin hantsi, karfasata ta kamu. Da farko cin abinci ta rage. Sai idanu suka turo waje suka yi fari kamar mai yana, jiki ya yi duhu, kifi na ta juyi a saman ruwa kamar mai hajijiya. Kullum da asuba aikina kwashe gawa da bokiti.

Na zuba biyu a leda na kai wani shagon magungunan dabbobi. Yaron shagon ko ledar bai buɗe ba, ya miƙo min garin oxytetracycline, wani antibayotik (maganin kashe ƙwayoyin bakteriya) mai hoton kaza a jikin kwalin. A shekarun baya wannan garin kwana uku yake tsayar min da mutuwa. Wannan karon na yi mako cur ina zubawa, shiru. Na koma aka canja min wani antibayotik ɗin, enrofloxacin. Wani maƙwabci kuma ya ce in fasa kafso ja da yalo na mutane in kwaɓa da manja a cikin abincinsu, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi. Abin bai lafa ba sai da na rage cunkoso, na yawaita canjin ruwa, hadari ya fara haɗuwa gari ya yi sanyi.

Daga baya wani likitan dabbobi ya ce alamun sun yi kama da bakteriyar Streptococcus, wadda ke tasowa karfasa idan ruwa ya yi zafi, amma ɗakin gwaji kaɗai zai tabbatar, shi ne kuma zai nuna wane magani ne har yanzu yake cin ta. Ya ƙara min da abin da ya hana ni barci: kifin da ba shi da lafiya ba ya cin abinci. Ashe masu lafiya nake ɗura wa maganin, ragowar ya narke a ruwa. Irin wannan ɗan tsakure raunanan ƙwayoyi yake kashewa, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Da kuɗina na horar da cutar da ta cinye min jari.

Ranka ya daɗe, ƙasar Gana ta riga mu ganin wannan. Masu kejin karfasa a Tafkin Volta sun daɗe suna fama da Streptococcus. A ƙarshen 2018 mutuwa ta ɓarke musu, musamman a 'ya'yan kifi, da aka kai gwaji sai aka tarar bairas ne mai suna ISKNV, wanda antibayotik ba ya yi masa komai ko buhu nawa za a zuba. Gwajin nan ne ya kai gwamnatinsu ga allurar rigakafi a 2019. Mu nan da ido muke ƙiyasi.

Kuma abin bai tsaya a bakin kwami ba. Ruwan da nake saki lambun latas da kabeji yake gangarawa. Idan kifi ya fara mutuwa, yawancinmu dillali muke kira ya kwashe kafin asara ta yi yawa, ba mai jiran kwanakin da aka rubuta a kwali don magani ya fita daga tsoka. Mai gasa kifi a bakin titi bai sani ba, mai saye bai sani ba. Bincike ya nuna a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani. Najeriya na da tsarin yaƙi da wannan matsala na 2024 zuwa 2028, kuma mu masu kifi muna son mu ga rabonmu a ciki.

Babbar buƙatata ɗaya ce: wurin gwajin cutar kifi kusa da mu, a kuɗin da talaka zai iya. Akwai cibiyar binciken kifi a New Bussa ta jihar Neja, akwai ta dabbobi a Vom ta jihar Filato, amma mataccen kifi a zafin Afrilu ba zai kai can da sauran amfani ba. Ko da a asibitocin dabbobi na jihohi da jami'o'in da ke koyar da likitancin dabbobi, irin su Zariya, Sakkwato da Maiduguri, a sa kayan aiki da mutum ɗaya da ya san kifi. Idan wannan ya samu, sai ku haɗa hannu da NAFDAC a hana sayar da antibayotik sai da takardar likita. Amma don Allah kada hanin ya riga gwajin zuwa, domin manomin da ke kallon jarinsa na yawo ciki sama zai nemo maganin ko ta bayan fage.

A duba masu ƙyanƙyasa kuma, domin sau da yawa a jarkar 'ya'yan kifi muke sayo cutar da kuɗinmu.

Kwamina biyu na karfasa har yanzu a bushe suke. Ina so in sake zubi kafin zafi ya dawo, in dai akwai inda zan kai leda ta gaba a buɗe ta a duba.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani mai kiwon kifi daga Kano