Godiya Ga Ma'aikatan Glenfarclas

Zuwa ga iyalan Grant da ma'aikatan masana'antar wiski ta Glenfarclas, Ballindalloch, Sikotlan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu ɗaliban sarrafa abinci ne, Hausawa, kuma ba ma shan barasa. Abin da ya kai mu wurinku shi ne ganin yadda sitacin sha'ir yake komawa sukari da yadda ake tace ruwa ta hanyar tururi. A wasu wuraren, da zarar baƙo ya ce ba ya sha, mai zagayawa da shi sai ya ɓata rai, ya wuce da shi gaban tukwane a gurguje, ya ajiye shi a kanti. Shi ya sa tarbar da kuka yi mana ta ba mu mamaki.

Godiyarmu ta musamman ga baiwar Allahn da ta zagaya da mu. Ko sau ɗaya ba ta tura mana kofi ba. Ta tsaya da mu a wurin niƙa, ta buɗe mana lissafin: kashi 70 tsaki, 20 ɓawo, 10 gari. Gari ya yi yawa, sai ya toshe ƙasan babban kaskon jiƙo, ruwan zaƙi ya ƙi sauka. Ɓawon kuwa shi ne matacin, don haka ba a so a murƙushe shi. Ruwan farko kan shiga a wajen digiri 64. In ya zarce sosai, sinadaran da ke cikin tsiron sha'ir su lalace kafin su gama aikinsu, sukari ya ragu. Sai a sanyaya ruwan zaƙin zuwa wajen digiri 20 kafin a zuba yis, domin zafi na kashe shi. Bayan kwana biyu ko fiye, ƙarfin barasar kan kai kusan kashi 8.

Inda ta fi burge mu shi ne gaban tukwanenku shida na jan ƙarfe. Yawancin masana'antu sun koma dumamawa da tururi, ku kuwa har yau wutar gas kuke kunnawa kai tsaye a ƙarƙashi. Ba ta ɓoye haɗarin ba: gutsattsarin yis da tsaki kan kwanta a gindin tukunya su ƙone, kamar ƙanzon tuwo, su ɓata girkin gaba ɗaya. Maganinsa sarƙoƙin jan ƙarfe ne da ke juyawa a ciki suna kankare gindin. Sau biyu ake tacewa, a tukunya ta farko sannan ta biyu. Ta kuma nuna mana dalilin raba abin da ya fito daga tukunya ta biyu gida uku: na farko da na ƙarshe a mayar da su tukunya, na tsakiya kaɗai ke shiga ganga, inda doka ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin Sikotlan.

Tarihi ma ba ta yi mana ƙarin gishiri ba. Robert Hay ya karɓi lasisin masana'antar a 1836, John Grant ya saye ta a 1865 kan fam 511 da sule 19, kuma shi mai kiwon shanu ne. Dusar da ta rage bayan jiƙo abincin shanu ce mai kyau, ba shara ba.

Abin takaici, har a gida ɗalibi kan rubuta wa masana'antar fulawa ko ta lemo takardar neman ziyara, shiru. In an amsa, a bar shi a bakin get cikin rana, in ya tambayi zafin tukunya a ce sirrin kamfani ne. Ina sirri a abin da ke cikin kowane littafin aji?

Don Allah ku isar mata da godiyarmu.

Naku,
Wasu ɗaliban sarrafa abinci, Sikotlan.