Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Zan fara da aikin gayyar hanya, domin shi ne abin da ya fi faranta mana rai a bana. Kowa ya san halin da burjin da ya haɗa mu da kwaltar Kazaure zuwa Daura yake shiga da zarar damina ta kankama: a-kori-kura ba ta shigowa, 'yan acaba su ninka kuɗi, mace mai naƙuda kuwa sai an ɗora ta a amalanke har bakin titi. Kafin saukar ruwan farko, dagaci ya sa aka yi shela, aka fito tun bayan sallar asuba da diga da shebur da baro. Masu shanu suka yi ta jigilar marmara, matasa suka cike ramuka suka buɗe magudanan da yashi ya toshe, iyayenmu mata suka aiko da fura da kunu, dattawan da ba su iya ɗaga diga suka zauna a inuwa suna sa albarka. Albarkacin wannan rana, motocin hatsi sun shigo har bakin kasuwa da kaka, manomi ya sayar da gero da gyaɗarsa a gida. Allah Ya saka wa duk wanda ya fito da alheri.

An gudanar da tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba.

Kwalbatin rafi bai kammalu ba, kuma na ji maganganun da ake yi a kansa. Kuɗin da muka tsara tun farko bai ƙara isa ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tifa da siminti suke ta hawa, yayin da kuɗin wata yake nan yadda yake, shi ɗin ma da yawa ba su biya ba. Littafin ma'aji a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Ƙidayar gidaje ita ma ta tsaya a rabi. Mun fara ta ne saboda rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta, alhali yaran da aka haifa lokacin waccan ƙidaya yau wasunsu magidanta ne, gari kuma ya faɗaɗa har ya ci gonakin da ke gefensa. Duk takardar neman hanya ko ƙarin aji da muka kai, tambayar farko ita ce mu nawa ne. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai bi ta Kazaure da Daura, kuma garin da bai san yawansa ba da wuya a tuna da shi a rabon hanyoyin zuwa tasha. Matasan da suka ɗauki aikin sun tafi cirani, ba mu da kuɗin sallamar wasu.

Ga 'yan uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Legas, waɗanda muryarsu ta fi ta kowa a WhatsApp amma sunansu ba ya cikin littafin biya: na gaji da kiran waya ana ce mini sai ƙarshen wata. A kawo bashin baya ga ma'aji kafin taron bayan Sallah, domin mu zuba kwalbatin kafin ruwa ya sauka.

Wassalam,
Sakatare