Ɓawon dodon koɗin Legas ba shara ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin 'yan uwa masu kiwon kaji a Agege, Idi-Araba da Mile 12 kan wani abu da ake zubarwa a kasuwanni irin su Oyingbo: ɓawon ƙaramin dodon koɗin nan da mutanen Kalaba ke kira mfi.

A cikin taɓon gaɓar tafkin Legas yake rayuwa, inda ruwan teku ke gauraya da na koguna, yana cin ruɓaɓɓen ganye a gindin itatuwan bakin ruwa. Ɓawonsa baƙi ne, dogo mai tsini, bai cika kai tsawon ɗan yatsa ba. Wani da ƙayoyi, wani babu. Ana ta cike gaɓar da yashi domin gine-gine, wurin zamansa na raguwa, amma ɓawon da ya riga ya zo kasuwa bola yake tafiya.

Alhali kusan dukkansa sinadari ne mai ɗauke da kalsiyam, irin na farar ƙasa, don haka ana iya haɗa shi a abincin kaji. Kaza mai ƙwai tana bukatar kalsiyam kamar giram 4 a rana, in ta rasa sai ƙwanta ya riƙa fashewa a hannu.

A wanke ɓawon sau biyu ko uku da ruwan famfo, domin gishirin da ya rage yana sa kaji zawo. A tafasa shi, ragowar naman da ya maƙale a ciki ya fita, in ba haka ba wari da ƙudaje ne za su biyo baya. A shanya ya bushe ƙarau, sannan a daka a tankaɗe. Nan ne da yawa ke kuskure, su mai da shi gari. Girman ƙwayar dawa ake so, milimita 2 zuwa 4, saboda tsakin yana daɗewa a ƙundu yana narkewa cikin dare, lokacin da kaza ke gina ɓawon ƙwai. Kilo 8 zuwa 9 cikin kilo 100 na abinci ya isa, in ba a riga an zuba farar ƙasa ba.

Kada a babbake shi har ya yi fari fat. In aka yi haka, ya koma abu mai ƙona baki. Kada kuma a ba 'yan tsaki wannan awo, yana lalata musu ƙoda. Garin ƙashi ma ba a daina zuba shi, tunda ɓawon ba shi da sinadarin fosfaras ɗin kirki irin wanda ke cikin ƙashi.

Naku,
Wasu masu haɗa abincin kaji, Agege, Legas