Tarihin tseren motoci: a riƙa tunawa da taya da birki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu makanikai ne a Suame Magazine da ke Kumasi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka yi zancen tseren motoci, samarinmu na Aboabo da Asawase sunan direba da gudun mota kawai suke kawowa. Alhali wanda ya bi tarihin abin zai tarar taya da birki sun sha raba gardama fiye da ƙarfin inji.

Tun gasar farko ma, ta Paris zuwa Rouen a Faransa ranar 22 ga Yuli 1894, mai nisan kusan kilomita 126, wanda ya riga kowa isa bai sami babbar kyauta ba. De Dion ne, amma motarsa ta tururi ce, sai da mai kula da wuta a gefe, don haka aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor.

A babban tseren Grand Prix na 1906 kusa da garin Le Mans a Faransa, an yi kwana biyu ana zagaye, kilomita 1,238. Rana ta narkar da kwalta, tayoyi suna ta fashewa, kuma doka ta ce direba da bakanikensa kaɗai za su taɓa mota. Mai tsohon yayi sai ya yanke tayar da wuƙa, ya ɗora sabuwa, ya hura, minti 15 ya tafi. Renault kuwa ta sa rim ɗin Michelin mai cirewa, da taya a hure a kansa, a kwance a ɗaura cikin ƙasa da minti huɗu. Ferenc Szisz da ya ci tseren da motar Renault, asalinsa bakanike ne. Haka a Indianapolis 500 na farko, 1911, Ray Harroun ya ajiye bakaniken da ke zama yana duba masa baya, ya kafa madubi a motarsa Marmon Wasp, ya riƙe gudun wajen kilomita 120 a awa don tattalin taya, ya kuma zo na ɗaya.

Inda muka fi so a tsaya shi ne birki. A tseren awa 24 na Le Mans, a wancan zamanin akwai miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, kusan kilomita shida a miƙe, da kwana mai tsanani a ƙarshenta. Mota ta yi awa 24 tana taka birki a nan. Birkin ganga, irin wanda har yau yake ƙafar baya ta yawancin tasi, idan ya yi zafi ƙarfen gangar yana buɗewa, ya nisanta daga takalmin birki, sai feda ta riƙa nutsewa mota ba ta tsayawa. A 1953 Jaguar ta zo da birkin faifai na Dunlop a kan C-Type. Faifai a fili yake, iska na dukansa, kuma idan ya kumbura da zafi sai ya ƙara matsowa kusa da takalmin. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci, karo na farko da matsakaicin gudu ya haura mil 100 a awa a wannan tseren.

Mercedes ba ta sauya ba. A 1955 motarta 300 SLR da birkin ganga ta zo, aka ƙara mata wani murfi a baya da ke tashi ya tare iska. A tseren wannan shekarar ce motar Pierre Levegh, ɗaya daga cikin direbobin 300 SLR ɗin, ta yi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka rasu. Jikin motar da magneziyam aka yi shi, da aka watsa ruwa sai wutar ta ƙara haukacewa. Masu walda su riƙe wannan: wutar magneziyam busasshen yashi ake zuba mata.

To, wannan zafin na Mulsanne shi ne ke jiran direba a gangaren Mampong ko na Aburi. Man birki yana shan danshin iska. Man birki mai lamba DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa, 140 ta ishe shi. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya sha ruwa. Da ya tafasa sai kumfa ta cika layi, kumfa kuma matsuwa take yi, shi ya sa feda ke tafiya har ƙasa ba komai. Bayan rabin awa ya huce, birki ya dawo, direba ya ce ai lafiya lau. Ba lafiya ba. A zubar da man duk shekara biyu, a fitar da iska, yawanci daga ƙafar da ta fi nisa da tukunyar birki, kuma kada a saya daga gorar da aka daɗe da buɗewa. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, na silikon ne. A gangare a sa giya biyu tun daga sama, inji ya riƙe motar. Zuba ruwa a kan faifai mai zafi yana lanƙwasa shi, daga nan sitiyari ya fara kakkarwa.

Taya ma tana da shekaru. Lambobi huɗun da ke gefenta, misali 2319, suna nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo kan zo da zane mai kyau alhali robar ta bushe.

Afirka ma tana da nata labarin, wanda muke roƙon jaridarku ta ba shi fili. Safari Rally ya fara a Gabashin Afirka a 1953. Peugeot 404 ta ci shi sau huɗu, 504 kuma, wadda iyayenmu suka sani daga Kumasi har Kano, ta ci a 1975. A maƙwabciyarmu Kwaddebuwa, tseren Bandama na 1972 ya tashi ba tare da mota ko ɗaya ta kai ƙarshe ba.

Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu makanikan birki,
Suame Magazine, Kumasi