Littattafan da Luta bai jefar ba

Malam Edita, gaisuwa mai yawa daga Damagaram.

Ranar Lahadi bayan sujada, wani saurayi ya karɓi Littafi Mai Tsarki na Faransanci da ke hannuna, ya buɗe ya ci karo da littattafan Tobit da Makabiyawa. Sai ya ce, "Baba, ai wannan na Katolika ne, su suka cusa waɗannan." Maganar ta tsaya mini a rai.

Matata 'yar Numan ce, ta tashi a ikilisiyar Lutaran, wadda mishan daga Denmak suka fara aikinta a 1913. A bakin mahaifinta na fara jin wannan tarihi.

Da Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya da ya haifi Furotesta, ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Jamusanci a 1534, bai zubar da waɗannan littattafai ba. Tattara su ya yi tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo, ya kira su Afokirifa, ya rubuta cewa ba su kai matsayin Nassi ba, amma suna da amfani, karanta su abu ne mai kyau. Abin da ya ƙi shi ne a gina koyarwa a kansu. Tun 1519, a muhawararsa da malamin Katolika Yohanna Ek a Laifzig, ya ƙi amincewa da Makabiyawa ta biyu a matsayin hujja kan tsarkake matattu bayan mutuwa. Katolika kuwa a majalisar Tirent, 1546, suka tabbatar da su cikin Nassi.

To ina suka shiga? A 1826 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta daina kashe kuɗinta kan bugun da ke ɗauke da su. Ita ce kuma ta buga na Hausa a 1932. Mun gaji rashinsu, har muka zaci haramun ne.

Ni kam na sha moriyarsu. Shekarar da matata ta kwanta asibiti, wasu 'yan'uwa suka ce shan magani ƙarancin bangaskiya ne. Littafin Sirak, ɗaya daga cikinsu, sura 38 na karanta mata a bakin gado, inda aka ce a girmama likita domin Ubangiji ne ya halicce shi. Ta sha maganinta, muka ci gaba da addu'a.

Roƙona ga masu fassara da fastocinmu: a ba mu su da Hausa, a tsakiya, da gargaɗin Luta a kansu. Saurayin nan na ba shi aron nawa, ya ce da Tobit zai fara.

Naku,
Wani tsohon malamin lakwal, unguwar Zango, Damagaram