Zuwa ga Abba, a kan bikin da kuke son kaiwa bakin teku

Abba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kuma fama da shirye-shirye. Ummanku ta nuna mini hotunan da ka turo mata na otal ɗin nan na Zanzibar, ta kuma gaya mini cewa kana jin nauyin tarata da maganar, wai kada in ce almubazzaranci ne. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Kuɗinku ne, kun yi guminsa kai da yarinyar nan, kuma ni ma da ina da hali a zamanina wataƙila da na kai Ummanku ta ga teku. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya kana yawan ce mini "to Baba, to Baba" alhali hankalinka yana wani wuri.

Hoton da ya fi burge ku na daɗe ina kallonsa: rumfa da fararen labule, kujeru a jere kan yashi, ruwa shuɗi kamar an zuba masa baba yana taɓa ƙafar rumfar. Ina so ka tambayi wanda ya turo maka shi abu biyu, a wane wata aka ɗauka, kuma da ƙarfe nawa. Wurin nan da ka gani, sa'a shida bayan ɗaukar hoton, ba haka yake ba.

Ka san aiki ya taɓa kai ni tsibirin. Kwanakin da na yi a gaɓar gabas, wajen Paje da Jambiani, ranar farko na fito da hantsi na tarar babu teku. Ba wasa nake maka ba. Ruwan ya janye can nesa har sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango farin kumfarsa, abin da ya rage fili ne na jiƙaƙƙen yashi da duwatsun murjani, mata sun duƙa a ciki suna ɗaure ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiyoyi da turaku. A otal ɗin da na sauka akwai wasu baƙi da za su yi biki ran nan. Da azahar ma'aikata suka jera musu kujeru a kan yashi, nesa da gini, don hoto ya fito da kyau. Wani dattijo mai gyaran raga a gindin kwakwa ya yi musu magana, ba wanda ya saurare shi. La'asar na yi ruwa ya juyo. Ba da hayaniya ya zo ba, lallaɓowa ya yi, sai ga shi a ƙarƙashin layin kujeru na farko. Ina tsaye ina kallo uwar amarya ta tattare bakin rigarta da hannu ɗaya, takalmanta a ɗaya hannun, samari suna gudu da kujeru a ka, mai lasifika yana ihu a cire waya daga wuta. Kafin su sake jerawa a tudu rana ta tafi. Daren nan wata ya fito cikakke, daren sha huɗu ne ko sha biyar.

Ba tsautsayi ba ne, lissafi ne da kowane masunci a wurin ya sani. Teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana guda, tsakanin cikowa da cikowa kamar sa'a 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana ƙara matsawa da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa. Idan wata ya tsaya da kuma idan ya cika, jansa da na rana suna haɗuwa, sai ruwan ya yi cikowa mafi girma ya kuma yi janyewa mafi nisa. A Zanzibar bambancin yakan haura mita 3 a irin waɗannan kwanaki. Wajen bakwai ko takwas ga wata, da kuma ashirin da biyu ko da uku, motsin kaɗan ne. Ka ga ke nan kalandar Hijira da ke rataye a ɗakin Hajiya ta fi ƙasidar otal ɗin amfani a nan. Akwai jadawalin cikowar ruwa na shekara sukutum a intanet, kyauta. Ka buɗe shi kafin ku tsayar da rana, ba bayan an buga kati ba. Idan kuma kuna son ruwa ya kasance kusa da ku ko da yaushe, can arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, gaɓar ta fi zurfi, janyewar ba ta kai ta gabas ba.

Akwai wani abu kuma da na lura a saƙonka. Ka ce kuna son a yi hotuna rana tana faɗawa cikin teku, alhali otal ɗin da ka zaɓa yana gabas. A gabas rana daga teku take fitowa, ta faɗi a bayanku cikin itatuwa. Mai son faɗuwar rana a kan ruwa sai ya koma yamma ko arewa maso yamma. Kuma wurin yana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, rana tana faɗuwa tsakanin shida da kwata zuwa bakwai saura kwata duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Minti ashirin da ɗoriya ka ga an fara lalube. Na san danginmu, na san dangin Ummanku, idan aka ce ƙarfe huɗu to biyar da rabi ake nufi. A can wannan jinkirin shi ne bikin gaba ɗaya. Af, kafin in manta: Waswahili suna fara ƙirga sa'a daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja" a wurinsu. Idan direba ya ce maka "saa kumi", ƙarfe huɗu yake nufi, ba goma ba. Duk lokacin da za ka ba direba ko mai kwalliya, ka rubuta shi da lamba, ka sa ya maimaita maka.

Sai maganar wata. Kun ce Afrilu, don a lokacin ne farashin ɗakuna ya faɗi kusan ƙasa. Abba, mai otal ba ɗan'uwanka ba ne, bai sauke farashi don yana ƙaunarka ba. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu, wadda suke kira masika, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ne da kan wuni yana zuba, har wasu otal-otal sukan rufe su yi gyare-gyare. Akwai ƙaramar damina, vuli, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ita takan zubo ta ɗauke. Daga Yuni zuwa Oktoba ne rani mai sanyi-sanyi, sai dai a nan iskar kudu da suke kira kusi take kaɗawa, kuma a gaɓar gabas tana da ƙarfin da masu wasan lilo da laima a kan ruwa ke tahowa dominta daga ƙasashe. Iskar da ke ɗaga ƙato sama, me kake jin za ta yi wa mayafin amarya da labulen rumfa? Janairu da Fabrairu babu ruwa sosai, amma zafi ne mai ɗanko, irin wanda kaya ke manne wa jiki. Kowane wata da nasa, ku zaɓi wanda za ku iya ɗauka da idonku a buɗe. Ka kuma duba azumi, tunda yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne, ba zai yi kyau a ce ma'aikata suna azumi ku kuna kiɗa da rana tsaka ba, balle mu kanmu.

Kada ka ce to bari mu canza ƙasa mu huta. Na ji yarinyar nan ta ambaci Morishus da tsibiran Karebiyan. A Karebiyan lokacin guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, ga kuma wata jar ciyawar teku da ta addabe su tun 2011, tana taruwa a gaɓa ta ruɓe tana wari kamar ɓataccen ƙwai. Morishus tata guguwar daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu take. Ko'ina kuka nufa tambayoyin ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ya cikin ko ɗaya daga hotunan. Hajiya. Da na gaya mata, shiru ta yi, can ta ce, "To Allah ya sa alheri, a kawo mini hoto." Ka san ta, ba za ta taɓa cewa a fasa dominta ba, kuma ka san ita ta goya ka lokacin da Ummanku take kwance. Ina so ka zauna ka bi tafiyar nan taki-taki da gwiwoyinta, ba da naka ba. Canjin jirgi a hanya da zaman jira. Layin shige da fice. Daga filin jirgi zuwa Nungwi tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi ce a mota. Sannan yashi: keken guragu ba ya tafiya a kansa, sanda kuma nutsewa take yi. Ka tambayi otal ɗin matakala nawa ne daga ɗaki zuwa wurin taro, ko za su shimfiɗa katako har rumfa, kuma asibiti mafi kusa da zai iya karɓar mai hawan jini da tsakar dare minti nawa ne. Idan amsar ta yi daɗi, mu tafi da ita, ni zan riƙe ta. Idan ba ta yi ba, shawarata ita ce a ɗaura aure a gida a gabanta, da waliyyai da shaidu, a yi rajista a karɓi takarda, sannan ku ɗauki waɗanda za su iya ku je ku yi shagalinku a matsayin miji da mata. Ko don takardu ma wannan ya fi sauƙi. Zanzibar tana cikin Tanzaniya tun haɗewar 1964, amma tana da gwamnatinta da dokokinta a kan irin waɗannan al'amura, har da kotunan alƙalan Musulunci. Auren da aka ƙulla a wata ƙasa sai an bi ofis-ofis an buga masa hatimi kafin wata ƙasar ta yarda da shi, kuma ba ranar da kake nema wa matarka biza ya kamata ka gano haka ba.

Sauran baƙi kuma ka tausaya musu. Gayyatar da sai mutum ya sayi tikitin jirgi, ya biya ɗaki, ya nemi hutu a wurin aiki kafin ya amsa ta, nauyi ce ka ɗora masa, ko da da murmushi ka miƙa. Akwai wanda zai ci bashi ya zo don kada a ce bai zo ba, kuma ka san wa nake nufi. Ka kira irinsu da bakinka ka sauke musu, ka ce rashin zuwa ba laifi ba ne. Wanda kuma ka ga bikin ba zai yiwu ba sai da shi, to kuɗin tafiyarsa yana cikin kuɗin biki, ka sa a lissafi tun yanzu. Mutum ashirin da suka zo da sakin fuska sun ishe ku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya duba fasfonsa yau, sai yana da sauran wata shida kafin a bar shi ya shiga. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya yada zango a cikinta fiye da sa'a 12, za a nemi katin allurarsa, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, tun 2016 aka mayar da ita ta har abada, ya dai nemo katin. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi wata inshora tata ta kanta, dala 44 a kan babban mutum, ko da kana da wata. Ka sake dubawa idan tafiya ta matso, irin waɗannan dokoki suna canzawa. Kowa ya ga likita a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, musamman ƙanwarka da ke da juna biyu, ita kam sai abin da likitanta ya ce. Abokinka mai hoto da ke cika baki da ƙaramin jirginsa maras matuƙi, ka gaya masa sai da izinin hukuma, in ba haka ba a filin jirgi za a raba shi da shi.

Kafin ka tura kafin alƙalami, ka sa su rubuta maka a takarda inda za a mayar da taro idan ruwa ya sauko, kuma ka ga ɗakin da idonka ko ta bidiyo, kada ya zama wurin cin abincin sauran baƙi ne za a ja muku labule. Su rubuta ko akwai wani bikin a ranar, ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, wa zai tayar da janareta idan wuta ta ɗauke, nawa za su dawo maka da shi idan aka ɗage, da kuma harajin da ba a sa a farashin farko ba. Bakin teku ba mallakin otal ba ne, masu talla da masu yawo za su ratsa ta bayan rumfarku, wani ma da ɗan kamfai. Ku san da haka. In da hali, zuwa da kai ya fi aike: ka je kwana biyu tun yanzu, ka tsaya a daidai wurin, a daidai sa'ar da kuke so, ka nemi masunci ka gaishe shi ka tambaye shi inda ruwa ke kaiwa ranar sha biyar ga wata. Ka ba shi wani abu.

Ku kuma isa da kwana uku kafin ranar, kayan amarya da naka a jakar hannu, kada a sa su cikin kayan da ake aunawa. Jaka takan yi nata balaguron.

Ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo gida da jadawalin ruwan da ranakun da kuke tunani guda uku, mu ɗauko kalandar Hajiya mu duba tare. Ka fara shiga wurinta ka gaya mata da bakinka, don har yanzu daga gare ni kawai ta ji. Ka gaida surukaina da kyau. Ummanku tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ɗakinta zai kalli teku.

Allah ya yi maka albarka, ya sanya alheri.

Mahaifinka